Maganin Sanyin Motar Kumandan

Maƙwabcina yana da wata tsohuwar mota mai jigilar mutane tsakanin Yamai da Filinge, wadda da ana yi wa ƙarfe adalci da tuni an sallame ta ta huta. A watannin ɗari, da an fito sallar asuba sai ya tashe ta, ita kuma ta amsa masa da ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar taɓarya a turmin da babu hatsi. Shi a ganinsa taurin kai ne, sai ya taka mata wuta har ta yi kururuwa. Ni kuwa ina zaune a kan buzu da carbi a hannu, na bar tasbihi ina ƙirga bugun injin wani, Allah Ya gafarta mini. Ban taɓa riƙe sitiyari ba tun da aka haife ni, alli na riƙe har yatsuna suka yi fari. Amma in ka tsayar da ni kusa da mota mai sanyi, mai karatu, zan gaya maka ko tsufa ke damunta ko ajali. Gado ne, sai dai irin gadon da mutum zai so a ce wani ya ci.

Mahaifina shi ne direban kumandan, Baturen mulkin Faransa a Filinge, a zamanin da ƙasar Kurfai duka mota ɗaya gare ta, in ba a haɗa da wata babbar motar kaya da ke zuwa daga Yamai idan ta ga dama ba. Ɗan maƙera ne. An ɗauke shi soja yana saurayi, lokacin da aka yanka wa kowane gari samarin da zai bayar, ka kuwa san ba 'ya'yan masu gari ake fara miƙawa ba. Ya dawo da tabo a ƙwauri, da sanin mota, da wani irin Faransanci na soja wanda ya isa a karɓi umarni amma bai isa a kare kai ba.

Ni ce 'yarsa ta fari. Wanda bai tashi a ƙasarmu a wancan zamani ba, sai na ɗan yi masa bayani. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yi masa magana kai tsaye, in da mutane ma ba ya nuna ya san yana wurin. Kunya ake ce wa abin, kuma yawanta shi ne awon ƙaunar. Tun da aka yaye ni aka mai da ni ɗakin Kaka, mahaifiyarsa, a cikin gida ɗaya. In yana son in san wani abu, sai ya zo ƙofar ɗakinta da la'asar sakaliya, ya shimfiɗa tabarma, ya gaya mata.

"Inna, a faɗa ma mutanen ɗakin nan rijiyar bakin kasuwa ba wurin wasa ba ce."

Mutanen ɗakin nan ni ce, ina zaune taku biyu daga gwiwarsa ina wasa da ƙasa.

Ta haka na koyi bugun inji. Darasi ne da aka yi ta karanta wa wata tsohuwa mai kaɗa nono, wadda har ta koma ga Allah ba ta yarda ta sa ƙafarta a mota ba.

Motar ta zo mana da tsufanta. Ta gama yi wa manyan Turawa bauta a bakin teku kafin a turo ta Kurfai, yadda ake turo wa ƙauye duk abin da birni ya gaji da shi. Da hannu ake tashe ta, a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a hancinta a murɗa. Kaka na kiranta Tsohuwar Bariki, tana kuma ɗan jin haushinta, don ɗanta ya fi tambayar lafiyar motar da tata.

"Inna, bugun mota da sanyi iri ukku ne," in ji shi wata rana, yana goge hannu da tsumma. "Na farko can sama yake, ƙas-ƙas-ƙas, awa kaza na cin tsaba a faranti. Mai ne bai iso ba. In ta kwana, man duk ya gangaro ƙasa ya kwanta, sanyi ya kama shi ya daskare. Kafin a karanta Fatiha ukku ya hau, ta yi shiru."

"Awa man shanu cikin ƙwarya," in ji Kaka.

"Shi ke nan kin zama direba."

"Allah Ya kiyaye. Na biyu fa?"

Na biyu, in ji shi, ya fi zurfi, ƙwal-ƙwal, kamar ƙota ta yi wa ruwan gatari yawa. Ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin inji ne suka cinye, suka yi sako-sako a mazauninsu. Ɗan maƙeri ya san ƙarfe yana kumbura in ya ji wuta. Da inji ya ɗumama sai su cika wurinsu, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

"Wanga tsufa ne kawai, a bi shi a hankali. Awa gwiwarki, Inna."

"Gwiwar uwarka," in ji Kaka. Sai da maganar ta fita ta tuna ita ce uwar tasa, ta yi ta dariya har nonon ya fantsamo mata a zane.

Da ya zo kan na uku, bai yi wasa ba. Daga ƙasa yake fitowa, mai nauyi, dum-dum, kamar ana dukan ƙofa daga cikin rami. Zafi ba ya kore shi, ƙara masa baki ma yake yi, in ka taka wuta ya bi ƙafarka. "Wanga in ka ji shi, ka kashe inji ka nemi raƙumi."

Yana da wata sandar ƙirya, tsawon kamu ɗaya, ta yi baƙi da mai. Yakan ɗora kanta ɗaya a jikin inji, ɗayan a ƙashin bayan kunnensa na dama, ya rufe ido, ya bi ta wuri-wuri daga sama zuwa ƙasa. Mutanen gari na cewa ganawa yake da ita. Shi kuwa yana cewa ko likita sai ya ji ƙirji kafin ya ba da ƙwaya.

Tsohuwar Bariki tana da na farko da na biyu, ya kuma san yadda zai rarrashe ta kada na uku ya zo. Duk safiyar ɗari, da ya idar da salla, sai ya ɗebi garwashi a kasko, ya rufe shi da toka don kada harshen wuta ya tashi, ya tura shi ƙarƙashin cikinta daidai inda man yake kwance, nesa da tankin fetur. Ya lulluɓe mata hanci da tsohon bargo. In man ya saki, ya janye kaskon, ya murɗa ƙarfen nan a hankali sau da yawa ba tare da ya ba ta wuta ba, don man ya zagaya. Sannan ya tashe ta, ya bar ta tana numfashi ita kaɗai. Kafin kumandan ya gama shan kofi, tana nan tana gurnani lafiya lau kamar 'yar shekara biyu.

Tsohon kumandan ya san da kaskon. Ya taɓa gani, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Zazzaɓi ya mai da shi ƙasarsu, aka kawo sabo a tsakiyar damina, lokacin da mota ba ta bugu. Za ka ce, to me ya hana mahaifina ya gaya masa tun da wuri? A ƙasarmu ba a gaya wa mai doki dokinsa ya tsufa. Bara nagari shi ne wanda ubangidansa bai san an sha wahala ba.

Sabon kumandan yaro ne siriri mai gilashi, wanda ya karanta littattafai a kanmu kafin ya zo, abin da ya fi rashin karatun haɗari. An gaya masa Kurfai ƙasar bori ce da taurin kai, cewa waɗanda suka riga shi sun taɓa cika gidan kaso da masu hawan iska. Ba ya cin abin da bai ga dafuwarsa ba. In ya ga laya a wuyan jaki sai ya sa a tambayi mai jakin.

Ni a lokacin ina lekol, makarantar Nasara. Da aka ce a kawo yara, masu gari suka ɓoye nasu, aka cike gurbi da 'ya'yan barorin bariki, har da mu 'yan mata uku. Malaminmu, da muke ce wa mushe, mutumin bakin teku ne, ba ya jin Hausa ko ta sayen gyaɗa. Ran da muka fara zuwa ya bi mu ɗaya-ɗaya da almakashi, ya yanke layun da ke wuyanmu da ɗamtsenmu ya zuba a kwando. Muna kuka muna cewa magani ne, magani ne. Ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Magani, gris-gris. Ku maimaita." Muka maimaita da murya ɗaya har sau goma. Tun daga ranar, a ƙamus ɗin da ke kaina, magani fassara ɗaya gare shi, wato tsafi. Alhali a bakinmu kalmar nan jaka ce mai faɗi: jiƙon sabara magani ne, laya magani ce, tsumman da aka toshe ɓular tulu da shi maganin yoyo ne, bulala ma maganin yaro ce. Bafaranshe ya raba wa kowanne sunansa, amma sunayen suna shafukan da ba mu kai ba. Ni ce ta ɗaya a aji, kuma na san ni ce.

Wata safiya mai sanyin da ke sa alli ya suɓuce daga yatsu, muna tsakar maimaita sunayen kogunan Faransa, sai ga wani gardi, wato dogarin bariki mai jar hula, ya faɗo aji yana haki. Tafintan bariki ya tafi garin Sanam raba wata rigimar rijiya, kumandan kuwa yana son mai jin Faransanci yanzun nan. Mushe ya dubi aji, ya nuna ni da rula. Na bi bayan gardin ina ɗaga kai, ina fatan matan bakin rijiya su gan ni.

A rumfar mota aka kai ni. Ga kasko a kife, garwashi a watse yana hayaƙi a kan yashi. Ga kumandan da rigar barci da takalman soja, ƙaramar bindiga a hannu. Daga baya aka ce cikinsa ne ya tashe shi da wuri, ya fito ya hango hayaƙi a ƙarƙashin motarsa. Ga kuma mahaifina a durƙushe tsakanin gardi biyu, hularsa a ƙasa. Ya riga ya gwada Faransancinsa na soja, yana ta faɗin kalmar sanyi, kumandan ya ɗauka izgili ne, don wa ke riƙe da wuta yana kukan sanyi? Da na shigo, bai ɗago ya dube ni ba. Ko a gida ba ya dubana, balle a nan.

Kumandan ya ce in tambaye shi me yake yi da wuta a ƙarƙashin motarsa.

Ban taɓa yi wa mahaifina tambaya ba a rayuwata. Na rasa inda zan sa idona, sai na fuskanci ginshiƙin rumfar na ce masa, "Wai mi ake da wuta ƙarƙashin mota?"

Shi kuma ya amsa wa takalmin gardi. "A faɗa mishi maganin sanyi nike mata."

Na juya wurin kumandan, na haɗa ƙafafu yadda aka koya mana, na ce, "Il fait gris-gris pour la voiture." Yana yi wa mota tsafi, ke nan. Sanyin ma na yar da shi a hanya, don ban san da wace igiya ake ɗaura shi a jikin jimlar ba. Na tuna na fitar da haruffan nan na maƙogwaro tsaf, yadda da mushe yana wurin da ya yaba.

Mahaifina ya san kalmar. Duk wanda ya yi soja ya san ta. Na ga kafaɗarsa ta motsa kamar ƙuda ya sauka mata. Da ya buɗe baki ya ce ba haka ba, wataƙila da an tsaya an jira tafinta. Amma yin hakan na nufin sai ya juyo ya yi wa 'yar farinsa magana a gaban jama'a, sai kuma ya ƙaryata ta a gaban Nasara mai bindiga a hannu, wanda ba a san kan wa fushinsa zai koma ba. Wanne daga cikin biyun ya riƙe masa harshe, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kumandan ya ce tun yaushe. Mahaifina ya ce kullum da safe, tun shigowar ɗari. Wannan kam na fassara shi daidai, shi ya kuma ƙarasa aikin. Kumandan ya shafa kaina, ya sa kuku ya kawo mini ƙwayar sukari. Da za a fita da mahaifina zuwa gidan kaso, ɗaya daga cikin gardin, don a ga himmarsa, ya buɗe tafin hannu ya kwaɗa masa mari a kunnen dama. Ƙarar ta yi kamar an fasa goran ruwa. Sai a lokacin na gane wani abu ya lalace, ko da yake ban san ni na lalata shi ba. Sukarin nan ya narke a hannuna kafin in isa gida.

Washegari aka tashi motar da sanyinta, ba kasko ba bargo. Wani gardi da ya ce ya taɓa ganin yadda ake tuƙi aka ba ta. Gidanmu ba nisa da bariki, muna jin komai daga ƙofar ɗakin Kaka. Ta buga. A karon farko tun zuwansa kumandan ya ji motarsa tana ƙwanƙwasa, a safiyar farko da aka raba ta da mai tsafi. Wace shaida kuma ake nema? Abin da mahaifina ya yi shekaru yana rufa wa motar asiri a kai, shi ya tashi ya ba da shaida a kansa.

Na kasa kunne. Kazar ta ci tsabarta ta yi shiru. Ƙotar gatarin ta ci gaba da ƙwal-ƙwal, tana jiran zafi. Da an ba ta ɗan lokaci da ta daina. Amma gardin ya ɗauke ta kamar doki mai tutsu, ya taka mata wuta har tsuntsaye suka tashi daga kan gawo. Na farko ne da na biyu, na sani sarai, ni 'yar ƙaramar yarinya. Sai dai duk Faransancina babu kalma ɗaya da zan faɗe shi da ita.

Kaka ta kai wa ɗanta fura a gidan kaso. Ta ce ta same shi yana dafe da kunne, amma maganar da ya ba ta ta kawo ba ta kansa ba ce. "A roƙe su kar su taka ta sai hancinta ya yi ɗumi a tafin hannu."

"Ka ji min ɗan banza," in ji Kaka tana share hawaye da gefen zane. "Shina cikin kaso shina jinyar wadda ta kai shi."

A rana ta uku tafinta ya dawo. Kaka ta tare shi a hanya tun bai sauka daga doki ba. Mutumin kirki ne gwargwadon yadda aikinsa ya bari. Ya shiga ya yi wa kumandan bayanin garwashi da daskararren mai. Kumandan ya ce yara ba sa ƙarya, tafintoci ne ke yi. Ya fito ya ce wa Kaka, "Tsohuwa, maganar da ta shiga takarda ta fi ƙarfin baki." Shi ne kuma ya gaya mata kalmar da ke cikin takardar, da bakin da ta fito.

Ta dawo ta same ni ina wanke ƙorai. Ta daɗe tsaye a kaina.

"Ke, Madamu. Mi kika faɗa ma Nasara?"

"Abin da aka ce in faɗa, Kaka. Magani."

"Wane iri?"

Na ce ai iri ɗaya ne a Faransanci. Ta dube ni, ta dubi sama. Na so ta doke ni. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "Da bakin ɗiyarshi," ta shige ɗaki. Mahaifiyata, wadda ita ma kunyar fari ta hana ta ce mini uffan, ta wuni tana dakan geron da ya riga ya zama gari.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na je wurin mushe na tambaye shi, in abu na warkar da ciwo ne ba na tsafi ba, me ake ce masa? Ya ji daɗin tambayar, ya rubuta mini kalmomi biyu a allo, remède da médicament, har da bayanin bambancinsu. Na ce ina so in je in gaya wa kumandan na yi kuskure. Fuskarsa ta sauya. Ya ce ɗalibar da ta je ta warware maganarta a gaban kumandan, makaranta ta kunyata, shi kuma yana da iyali. Na kwafe kalmomin a ɗan allona, na je na tsaya a ƙofar bariki ina riƙe da shi a ƙirji kamar mai tallan rubutu. Safiya biyu na yi. Ta farko gardi ya kore ni da baki, ta biyu da dorina.

Kowace safiya ana tashin motar da sanyi, kowace safiya ana taka ta. Ba a yi kwana goma ba na ji shi. Daga ƙasa, mai nauyi. Rana ta fito, inji ya yi zafi, bai tafi ba.

"Kaka, na ukku ne."

"Rufa mana baki. Bakinki ya yi aikinshi."

A ranar kumandan ya kama hanyar garin Damana rangadi. A cikin yashin kwarin Dallol motar ta yi wata ƙara ta tsaya, mai yana zuba daga cikinta baƙi ƙirin. Aka bi ƙauyukan kusa aka tattaro maza daga wurin sussuka, suka ɗaura mata igiyoyin rijiya, suka ja ta kwana biyu zuwa Filinge, kumandan na biye a kan dokin aro. Na ga shigowarsu. Kafaɗun mutane sun saɓule. Wasunsu sun daɗe ba sa gaisawa da gidanmu, don su ma an gaya musu tsafin direba ne ya ja musu.

Da farko kwana goma sha biyar a kaso aka yanke wa mahaifina. Bayan mutuwar motar aka tura shi aikin dole a hanyar Yamai, fasa marmara. Ɗari ya wuce, bazara ta shigo da zafinta, rijiyoyi suka ja baya. Ina zuwa lekol don in ban je ba gardi zai zo, amma na daina ɗaga hannu. A gida kuwa la'asar sakaliya ta zama lokacin da kowa ke neman abin yi a bayan ɗaki.

Can cikin bazara aka turo wani Bature makanike daga Yamai, ƙato mai jan wuya. Ya kwance injin a kan tabarma ƙarfe-ƙarfe, yana ɗagawa yana dubawa a rana yana tsaki. Tafinta ya ce da kunnensa ya ji yana cewa injin nan ya kamata a ce ya mutu tun shekarun baya, wa ya riƙe shi da rai haka? Aka yi masa zancen kasko. Ya ce a garinsu ma, can cikin duwatsu, haka tsofaffin direbobi ke yi in ƙanƙara ta sauka. Ya tambayi inda mutumin yake.

Kumandan bai ce ya yi kuskure ba, ba a san su da wannan ba. Takarda aka rubuta cewa an yi wa fursuna afuwa. Mahaifina ya iso da ƙafa bayan ruwan farko, mutane na shuka, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Kunnen dama ya yi ta zubar da ruwa a can, ba mai dubawa, ya bushe ya mutu. Sabuwar mota ta zo da direbanta. Shi ya koma maƙera, yana gyaran fartanya da hauya, yana juya kai gefe guda in ana yi masa magana.

Kwana biyu da dawowarsa, da la'asar sakaliya, ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a ƙofar ɗakin Kaka. Ina ciki, na manne da bango. Kaka ta riga ta ɗaure mini kayana a tsumma.

"Gobe in kai ta wurin dangina bayan Sanam," in ji ta. "Can ko gardi bai san hanya ba. Lekol ɗin ga ta ishe mu haka nan."

Ya juyo mata da kunnen hagu. "Mi kika ce, Inna?"

Ta maimaita da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ya yi ta murza wani ɗan tsinke a yatsunsa. Ina jin numfashina. Na yarda a kai ni ko'ina, na yarda ya tsine mini ma, in dai da ni zai yi maganar.

"Inna," ya ce, "a kwance kayan. A bar mutanen ɗakin nan su koma lekol. Rabin Faransanci ya kai ni kaso. Su je su ɗauko sauran rabin."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan maganar ke nan, har ya bar duniya.

Na koma. Na wuce makarantar Yamai, na zama malama, na karantar da 'ya'yan mutane har gashina ya yi furfura. Ɗalibaina sun ce ni mai tsanani ce, wai a kan kalma ɗaya sai in tsayar da aji wuni guda, in ce a kawo mini duk ma'anoninta kafin a taɓa fassara. Gaskiyarsu ne, ban kuma taɓa gaya musu dalili ba.

Yau abubuwa sun sauya. Ina ganin samari na saɓa 'yar farinsu a kafaɗa a tsakiyar kasuwa, suna kiran sunanta da ƙarfi, ita kuma tana jan gemunsu. Jikokina in sun taka ni sai su ce in yi haƙuri, su wuce, maganar ba ta yi musu nauyi ko kaɗan. Ba na cewa namu ya fi, ba na kuma cewa nasu ya fi. Abin da na sani shi ne, neman gafara sai an dubi mutum an yi masa magana, mu kuwa ba a bar mana wannan ƙofar ba. Kaka ce hanyar da ke tsakaninmu, ta kuma rasu ina makarantar Yamai. Bayan ita mun yi shekaru, ni da shi, muna gaisawa ta bakin duk wanda ya gifta.

Sauran rabin da ya aike ni, na ɗauko shi cif, ba abin da na bari. Da na dawo da shi, kumandan ya daɗe da komawa ƙasarsu, takardar tana nan yadda aka rubuta ta, mahaifina kuma yana zaune a bakin maƙera, ya ba ni gefen da ba ya ji.